Daskararriyar tsoka ko ta cikin kaki: wacce za ki ɗauka?

'Yar'uwa, kin ce za ki fara bincike kan sankarar mama, kina son ciro DNA da RNA da furotin, kina tambaya ko ki tara daskararriyar tsoka, ko tsofaffin bulon kakin farafin (tsokar da aka jiƙa a sinadarin fomalin don kada ta ruɓe, aka binne ta cikin kaki) da ke sashen nazarin cututtuka sun ishe ki.

In dai inganci ake nema, daskararriya ce gaba. Da an yanko ƙarin a ɗakin tiyata sai a tsoma shi a ruwan naitorojin mai sanyin digiri -196, a kai shi firizar -80. DNA zai fito da tsawonsa, RNA bai gutsuttsure ba, furotin na nan yadda yake. Shi ya sa shirin TCGA na Amurka, wanda ya fara a 2006 ya binciki sankara iri 33, ya dogara galibi a kanta. To amma a nan wajenmu, wa zai tsare miki firiza shekara uku? Wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi kwana biyu, shi ke nan wahalarki ta bi ruwa.

Bulon kaki kuwa ba ruwansa da wuta. Yana zaune a kanta shekaru, lambarsa na kai ki ga fayil ɗin mara lafiyar, ki san maganin da ta sha da yadda ta ƙare. Matsalarsa fomalin, wanda Ferdinand Blum ya gano amfaninsa a Jamus a 1893. Yana ɗaure furotin da ɗan'uwansa, ya ɗaure shi da DNA, sai DNA ɗin ya fito guntu-guntu. Wani harafin C na cikin DNA kuma na'ura ta karanta shi T, ki zaci kin gano sauyin da babu shi. Sinadarin UDG na rage wannan.

Duk da haka ana cin moriyarsa. A fere shi siriri, a wanke kakin da sinadarin zailin, a bi da barasar gwaji, a narkar da shi da proteinase K, sinadari mai cinye furotin, a zafin digiri 56, sannan a ɗaga zuwa 90 na awa guda don ɗaurin ya saki. Furotin ma da zafi ake kwance shi, dabarar da wani masani mai suna Shi da abokan aikinsa suka wallafa a 1991. Gwajin sankarar mama na Oncotype DX mai auna ƙwayoyin gado 21, daga bulon kaki yake ɗibar RNA.

Abin da ke ci min rai shi ne tun a ɗakin tiyata ake kashe bulo. Na ga maman da aka yanko sukutum a bokiti ranar Juma'a da yamma, ba a tsaga ba, fomalin bai ko rufe shi ba, sai Litinin aka waiwaye shi. Fomalin na ratsa tsoka kamar milimita ɗaya a awa, kafin ya kai tsakiya ta ruɓe. Ƙa'idar ASCO da CAP, ƙungiyoyin likitocin sankara da na masu nazarin cututtuka na Amurka, ita ce tsoka ta shiga fomalin cikin awa ɗaya, ta yi awa 6 zuwa 72.

Ni dai shawarata, ki ɗauki bulon kaki. Fara da guda goma daga shekaru daban-daban, ki auna DV200 na RNA ɗinsu, wato kason RNA ɗin da tsawonsa ya wuce harafi 200, kafin ki kashe kuɗi kan sauran. Sai fa idan furotin masu fosfet kike bi: su cikin mintuna suke sauyawa bayan yanka, dole ki tsaya bakin ɗakin tiyata da tulun naitorojinki.