Peak Design Travel Tripod: Ƙafar Kyamara Don Tsaunukan Ciyawa

Ga mai yawon kwanaki da jaka a bayansa, nauyi ne abin dubawa na farko. Wannan mariƙin kyamara mai ƙafa uku, samfurin kabon (wani abu marar nauyi mai ƙarfi), kilo 1.29 ne, na alminiyon kuwa 1.56. In an naɗe shi tsawonsa kusan santimita 39 ne, yana shiga aljihun gorar ruwa.

Matsalarsa iska ce, kuma kan tudun ciyawa ba abin da ke tare ta. Kowace ƙafa gaɓa biyar ce, ta ƙasan siririya ce ƙwarai, tana rawa. Kada a buɗe wannan gaɓar, kada a ɗaga sandar tsakiya. A rataya jaka a ƙugiyar ƙasa, amma gindinta ya taɓa ƙasa, in ba haka ba lilo za ta yi ta ɓata hoton. A sa jinkirin daƙiƙa 2 kafin ɗauka.

Kan mariƙin ba shi da makullin juyawa gefe na daban, don haka ɗaukar hotuna a jere don haɗa su su zama hoton shimfiɗar tsauni ɗaya mai faɗi yana wahala. Ƙura da 'ya'yan ciyawa na shiga makullan ƙafafu, a goge su kowace yamma. Yana da tsada, amma ya cancanci kuɗinsa.