Bainakula, teleskof ko na'urar nan mai haɗi da waya: wanne ya kamata mai son kallon taurari ya saya?

Tun da hotunan teleskof ɗin James Webb suka fara yawo a Facebook jama'a da yawa suka kamu da son kallon sama, ga kuma teleskof ɗin Vera Rubin da ke ƙasar Chile da ya fitar da hotunansa na farko a watan Yunin 2025, sai tauraro mai wutsiya 3I/ATLAS da aka gano ranar 1 ga Yulin 2025, baƙo na uku da aka taɓa gani ya shigo mana daga wajen dangin ranarmu. To abu na farko da zan faɗa ma ɗan'uwa kafin ka ciro kuɗinka, babu abin da za ka saya da zai nuna ma irin hoton Webb. Madubinsa mita 6.5 ne, yana can sararin samaniya tun Disambar 2021, kuma yawancin hasken da yake kamawa ma idon mutum baya ganinsa. Amma abin da za ka gani da idonka, kai tsaye ba a allo ba, wallahi daɗinsa daban ne.

Abin da ake saya a wannan harkar shi ne faɗin gilashi ko madubin da ke tara haske, ba yawan zuƙowa ba. Nan ake cin mutane. Za ka ga kwali an rubuta 525x ko 675x (wato zuƙowa sau 525 ko 675) da manyan baƙi ga hoton duniyar Zuhal mai kala a jiki, alhali gilashin milimita 60 ne kacal. Ƙa'idar da masu harkar suka sani ita ce ka ninka faɗin sau biyu, shi ne iyakar zuƙowa mai amfani, wato mai milimita 60 da ƙyar ya wuce 120x, abin da ya haura haka dishi-dishi ne kawai. Ƙafafunsa kuma rawa suke, kana taɓawa tauraron ya gudu. In ka ga irin wannan kwalin ka wuce abinka.

Ni dai bainakula nake ba sabon shiga shawara, mai 10x50 ko 7x50. Lambar farko zuƙowa ce, ta biyu faɗin gilashi a milimita. Gilashi mai 50 yana tara haske kusan ninki 50 na idonka, kuma ido biyu kake kallo da shi ba tsuke ɗaya ba, ka rataya a wuya ka hau soro ko ka fita bayan gari shikenan. Juya shi kan Kaza da 'ya'yanta ka gani, inda ido ke ƙirga shida ko bakwai sai ka ga sun fashe sun zama gwammai, shuɗi-shuɗi suna ƙyalli. Za ka ga ramukan wata, za ka ga watannin duniyar Mushtari (Jupiter) guda huɗu da Galileo ya gani a 1610 in ka jingina gwiwar hannu a katanga don kar ya yi rawa, za ka ga tarin taurari na Andromeda da haskenta ya yi shekara miliyan 2.5 a hanya. Tauraro mai wutsiyar nan Tsuchinshan-ATLAS na Oktoban 2024 ma masu bainakula ne suka fi morarsa, don wutsiyar ta yi wa teleskof tsawo. Kuma ranar duban watan azumi ko na sallah zai yi ma amfani, amma sai rana ta faɗi gaba ɗaya, kar ka kuskura ka haska rana da shi ko na daƙiƙa ɗaya, makanta ce ba magani. A ja wa yara kunne sosai kan wannan.

Wajen saye ka leƙa abu mai nisa, in ka ga hoto biyu ko kanka ya fara sarawa to ya goce, ajiye shi. Ka riƙe shi nesa da fuska ka duba ɗigon hasken da ke cikin gilashin ido, ya zama zagayayye tas. Masu jan gilashin nan da masu zum, wato waɗanda ake ƙara ko rage zuƙowarsu, ka bar su. In ya wuce 10x kuma hannu baya iya riƙe shi tsaye sai da ƙafa.

Inda bainakula ya gaza shi ne zoben Zuhal, wanda Turawa ke ce wa Saturn. Wannan sai teleskof, daga 40x ko 50x zoben ke fita. A Maris 2025 zoben ya juya mana gefe har ya ɓace, yanzu yana buɗewa a hankali shekara bayan shekara.

Teleskof iri biyu za ka fi cin karo da su. Akwai mai gilashi a gaba, milimita 70 zuwa 90, a rufe yake ƙura bata shiga cikinsa, baya buƙatar saiti, ya dace da wata da duniyoyi. Sai mai madubi a ƙasa wanda ake ɗorawa kan akwatin katako, Dobsonian, inci 6 ko 8. In dai kuɗinka ya kai kuma kana da wurin ajiya to wannan shi ne sarki, mai inci 8 yana tara haske ninki 16 na bainakula mai 50, kuma akwatin baya rawa, turawa kawai kake da hannu. Sky-Watcher da Celestron duk suna yinsa. Matsalarsa nauyi, ya kai kilo 20 ko fiye, kuɗin kawo shi daga waje da na kwastan kaɗai na iya tayar ma da hankali, lissafa su tun kafin ka biya. Bakinsa a buɗe yake, lokacin hunturu ƙura za ta kwanta kan madubin, ka riƙa rufe shi kuma kar ka goge da tsumma ko bakin riga, zai karce. Lokaci-lokaci sai ka daidaita madubin, ba wuya amma sai an koya. Teleskof masu ƙafa mai ɗauke da ƙarfen nauyi da ake saitawa da tauraron arewa ban so wa sabon shiga, a wajen Kano tauraron digiri 12 kawai yake sama da ƙasa, sau da yawa gini ko hazo ya rufe shi.

Sai sabon yayi, irin su Seestar S50 na kamfanin ZWO da ya fito a kan wajen dala 500. Ba wurin sa ido, da waya ake sarrafa shi, shi zai nemo abin da kansa ya yi ta tara haske har hoto mai kala ya fito a allo, ko a tsakiyar gari. Mai son hoton da zai ɗora ya samu abinsa. Amma yana cin caji, duniyoyi ƙanana suke fitowa a cikinsa, kuma a ƙarshe waya kake kallo. Ni na fi son ido, kowa da ra'ayinsa.

Kafin komai ka sauke manhajar Stellarium mai nuna taswirar sama a waya, kyauta ne, ka koyi sama da idonka. Sama ta fi kyau a ƙarshen damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba kafin hazo ya sauko, a daren da babu farin wata, in an ɗauke wuta ma ya fi. Wajen Afrilu da Mayu ka duba kudu ƙasa-ƙasa, akwai Omega Centauri, dunƙulen taurari miliyoyi wanda mutanen Ingila ba sa samun gani sam, bainakula na kamo shi. In kuma babban bututun ka saya, don Allah ka sanar da maƙwabta da 'yan sintirin unguwa kafin ka fito da shi da dare, ka kira su ma su leƙa wata, a halin tsaron da ake ciki ba kowa zai gane mene ne daga nesa ba.