OFFSET ko bin lambar ƙarshe, wanne ya dace da rajistar manoma?

Ɗan'uwa, ka yi tambaya a guruf cewa manhajarka ta rajistar manoman shinkafa na Argungu da Suru shafukan farko na buɗewa nan take, amma in anka yi nisa sai ta dinga jan ƙafa, wai ko sabar ce ta yi kaɗan. Kar ka kashe kuɗi a saba tukuna, matsalar tana ga yadda kake yanka shafukan.

Yanzu LIMIT da OFFSET kake aiki da su, wato umarnin da ke gaya ma databes (ma'ajiyar bayanan manhajar) layuka nawa zai miƙo da nawa zai tsallake, kuma gaskiya suna da sauƙi, layi guda ka gama, mutum na iya faɗawa shafi na 40 kai tsaye. Amma in ka rubuta LIMIT 50 OFFSET 100000, ko databes ɗinka MySQL ne ko PostgreSQL, sai ya bi layuka dubu ɗarin nan duka ya watsar sannan ya miƙo maka 50, kamar mai ƙirga buhuna a sito wanda duk dawowar da zai yi sai ya faro daga bakin ƙofa. Abin da ya fi damuna ma ba nauyin ba ne. In kana shafi na 2 wani ya shigar da sabon manomi a sama, layuka sun gusa, shafi na 3 zai maimaito maka suna, in kuma gogewa anka yi wani bawan Allah zai sulale ba a gan shi ba, to in da jerin nan ake rabon taki ka ga an tauye mai haƙƙi.

Ɗaya hanyar kuwa ka riƙe id, wato lambar layin ƙarshe da anka nuna, ka ce WHERE id > 8450 ORDER BY id LIMIT 50. Muddin akwai indes a kan id, wato jerin da ke sa a samo layi da sauri, databes zai dira wurin kai tsaye, shafi na 2 da na 2000 kusan gudu ɗaya. Illarta dai babu tsalle, sai na gaba da na baya. In kuma da kwanan wata kake jerawa ka haɗa shi da id, don mutane da yawa na iya yin rajista rana guda.

In da Laravel, kayan gina manhaja na yaren PHP, ka gina ta, cursorPaginate() na yi maka wannan, shi kuwa paginate() har COUNT, wato ƙirga layukan duka, yake ƙarawa kowane shafi, wani nauyin ke nan.

Ni dai ma'aikatan fili masu waya da netwok ɗin ƙauye, ka ba su hanya ta biyu. Teburin ofis bar shi da OFFSET, amma a fara tace jerin da ƙaramar hukuma.