Gargaɗi ga makaɗan bas: ku yi hattara da mai tallan "Fender daga Beljiyam"

Assalamu alaikum 'yan'uwa makaɗa. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in rubuta, domin yaron da abin ya faɗa wa ya roƙe ni kada in tona masa asiri, kuma ba zan ambaci sunansa ba. Amma shekaranjiya wani saurayi daga Marwa ya turo mini hoton wata jitar bas, wato jitar nan mai kaurin murya, yana neman shawarata kafin ya biya. Ina buɗewa gabana ya faɗi. Ita ce dai, jingine da kujera mai ruwan toka, da ɗan ɓantaren fentin nan a gindinta. Da wannan hoton aka cuci yarona wata huɗu da suka wuce. Ashe mutumin bai daina ba, sunan shafinsa kawai ya sake.

Shekarata goma sha bakwai ina kaɗa bas a bukukuwan aure da tarurruka a nan Garwa, ina kuma ɗan taɓa gyaran jita a gida. Yaron nan shekararsa uku a hannuna. Da rana yana haya da babur, da dare ya zo ya zauna a tabarma yana koyon kiɗa da wata tsohuwar jita tawa. Hannunsa yana da daɗi ƙwarai, kunnensa kuma ya fi hannun. Kamar kowane yaro mai kaɗa bas a Kamaru, idonsa yana kan manya: Richard Bona, Etienne Mbappé, Armand Sabal-Lecco wanda ya yi kiɗa da Paul Simon. Ƙasarmu ta yi suna a duniya da wannan kayan kiɗa, shi ya sa yaranmu suke da dogon buri, kuma ba laifi ba ne. Burin nasa ɗaya ne tak, ya mallaki Jazz Bass ta kamfanin Fender na Amurka, irin wadda shahararren makaɗin bas Jaco Pastorius ya kaɗa. A nan arewa kuwa ba mu da shagon da za ka shiga ka ɗauki irin wannan jita ka gwada. Kayan kirki sai Duwala ko Yawunde, ko wani ya zo maka da su daga Turai. Ta wannan ƙofa macucin yake shigowa.

A Facebook ya gan shi. Shafin cike da hotunan jitoci da amfili, wato na'urar ƙara sauti, mutumin yana cewa yayansa ne ke tara masa kayan gwanjo a Beljiyam yana turowa cikin kwantena ta tashar jiragen ruwa ta Duwala. Ya sa wa Jazz Bass ɗin, wadda ya ce ƙirar Amurka ce, sefa dubu 180. Da yaron ya yi masa magana ta WhatsApp, sai ya karɓe shi hannu bibbiyu, yana ta kiransa ƙanena, yana cewa shi ma tsohon makaɗi ne, ya san wahalar mai tasowa. Ya rage masa zuwa dubu 150, ya ce akwai wani fasto da ke son ta, saboda haka in yana so ya tura kafin alƙalami na dubu 60 kafin magariba. Yaron ya ɗauki adashinsa ya tura ta waya. Bai gaya mini ba, wai yana so ya zo mini da ita bagatatan in yi murna.

Bayan kwana biyu wani ya kira shi da wata lamba dabam, ya ce shi ma'aikacin kamfanin motocin safara ne, kaya sun iso hannunsu amma ba za a loda ba sai an biya cikon kuɗin, dubu 90. Har da hoton kwali an rubuta sunan yaron da alƙalami, da takardar shaida mai hatimi. Ya ci bashi ya tura. Washegari aka sake kira, wai 'yan duwan, wato kwastan, sun tsare kayan a Ngaundere, sai an ba da dubu 25. Wanda ya riga ya zuba dubu 150 ba ya iya tsayawa a kan dubu 25. Ya tura.

Abin da ya bambanta wannan mutum da sauran 'yan damfara shi ne, kaya sun zo. Da gaske kwali ya iso tasha. Na yi imani da gangan yake yin haka, domin wanda ya karɓi kaya a hannu bakinsa ya mutu: in ya je wurin jandarma za a ce masa ai ciniki ne, an ba ka jita, ka tafi ku sasanta.

Da daddare ya shigo da kwalin a ka, fuskarsa kamar gonar auduga. "Yaya, ka rufe idonka," in ji shi. Na buɗe kwalin, na ɗaga jitar, tun kafin in juya ta na san akwai magana. Ba ta da nauyin da ya kamata, kanta kuma yana rinjayar jikinta. Na kai ta ƙarƙashin fitila na sa farce a gefen sunan Fender da ke kanta, sai kusurwar rubutun ta ɗago kamar takardar kwalbar magani. A ƙarƙashi ana ganin inda aka goge wani suna da takardar yashi, katakon ya yi fari-fari. Na ɗago na dube shi. Har yanzu murmushin bai gama barin fuskarsa ba. Wallahi ban taɓa jin nauyin magana irin na wannan daren ba. Na ce, "Ƙanena, zauna tukuna." Ya zauna, ya ce, "Yaya, ba ita ba ce ko?" Na ce ba ita ba ce.

Mun kwance kusoshi huɗun da ke riƙe da wuyan. A ramin da wuyan ke zama, katakon jikin ya fito fili, falle-falle an manna da gam, irin wanda kafinta ke yin bayan kabad da shi. Fender ta gaskiya guntayen katako ne masu kauri ake haɗawa, kuma a gindin wuyan akan sami hatimi ko kwanan watan ƙira. Nan babu komai sai ƙura. Na saka ta a amfili, tana ta gurnani kamar injin niƙa. Na ɗora ido a kan wuyan daga kai zuwa gindi, ya lanƙwashe kamar baka. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan kusan kowace bas da ake ɗaurewa ko a sassauta don a miƙar da shi. Na sa makulli, yana ta juyawa a banza, an riga an cinye bakin. Wato ko a matsayin jitar koyo ba ta da amfani, domin wuyan da ba ya gyaruwa ba ya rayuwa a Garwa. Jita in ta taso daga laimar Duwala ta shigo hunturunmu, katakon yakan bushe ya tsuke, har bakin ƙarafunan wuyan su fito suna yankan yatsa. Mai lafiyar ma sai an daidaita ta sau ɗaya ko biyu a shekara, balle wannan.

Da muka kira mutumin, sau ɗaya ya ɗauka. Ya ce wai yaran shago ne suka yi kuskuren kwali, a mayar masa da ita, a kuma tura dubu 15 na mota ya aiko da ta gaskiyar. Na karɓi wayar na ce ya kira mu ta bidiyo ya nuna mana ta gaskiyar a hannunsa. Ya kashe, ya toshe mu.

Ina so ku riƙe wasu abubuwa game da jitar kanta, domin da jahilcinmu yake cin abinci. Leo Fender ya fitar da Precision Bass a 1951 a Kalifoniya, Jazz Bass ta biyo baya a 1960. Kamfanin yana ƙera masu tsada a Amurka, masu matsakaicin kuɗi a garin Ensenada na Meksiko, sannan yana da Squier, wadda aka fara a Japan a 1982, ita ce ta masu ƙaramin ƙarfi. Sabuwar Jazz Bass ƙirar Amurka ta haura Yuro 1,000 nesa ba kusa ba. Yuro ɗaya kuwa sefa 655 ne da 'yan kai, ku yi lissafin da kanku. Ko ta gwanjo ce, ba mai hankalin da zai biya jirgin ruwa da duwan ya kawo ta Duwala sannan ya sayar a dubu 150. Araha irin wannan ba ta ado, tarko ce. Lambar ƙira tana kan jitar, na Amurka na 'yan shekarun nan suna farawa da US, na Meksiko da MX, kuma ana iya duba lambar a shafin kamfanin. Sai dai kada ku dogara da lamba kaɗai, domin masu jabu suna kwafo lambar gaskiya daga hotunan intanet su buga. Ta yarona ma akwai lamba a jikinta.

Bayan da labarin ya ɗan zaga tsakaninmu, wani mai koyar da mawaƙan coci a Ngaundere ya kira ni ya ce su ma sun faɗa hannunsa, amma da kwantarabas, wato babban gogen nan na Turawa da ake tsayar da shi a ƙasa ana kaɗawa a tsaye. Sun haɗa kuɗi sun tura rabi, wai za a sako musu shi a motar dare. Su ko kwali ba su gani ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da kwantarabas ya san tsayinsa ya kai na babban mutum, cikinsa kuma rami ne, katakon siriri. Akwai wani ɗan guntun katako a tsaye a cikinsa wanda matsin tsirkiya ne kawai ke riƙe da shi, in aka sassauta aka yi ta jijjiga sai ya faɗi. Ba kayan da ake jefawa a saman mota tare da buhunan albasa ba ne. Wanda ya ce zai aiko maka da shi haka, ko dai bai taɓa riƙe shi ba, ko kuma ba shi da shi.

Abin da nake roƙonku ba shi da yawa. Kada kuɗinku ya fita sai hannunku, ko hannun wanda kuka yarda da shi, ya riƙe wuyan jitar. Kusan kowannenmu yana da ɗan'uwa ko abokin kiɗa a Duwala ko Yawunde, ka ba shi kuɗin babur ya je ya gani, ya saka a amfili, ya bi kowace tsirkiya daga sama har ƙasa. In mai kayan ya fara kawo uzuri, wai suna sito, wai yayansa ya tafi da makulli, magana ta ƙare. In babu wanda za ka aika, ka ce ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya soka tsakanin tsirkiyoyi ya nuna maka ta bidiyo kai tsaye. Ka kuma sa hoton tallan a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Da muka gwada da na yarona, sai ga shi a wani shafin sayar da kayan gwanjo na Faransa, da kujerar da komai. Kafin ka danna tura kuɗi, ka karanta sunan da ya fito a wayarka. A wurin yaron nan, sau uku ya tura, sunaye uku dabam-dabam, biyu ma na mata ne, ba ko ɗaya da ya yi daidai da sunan shafin.

Wanda kuma abin ya riga ya same shi, kada kunya ta sa ya share saƙonni. Ka adana hirar, da lambobin, da saƙon shaidar tura kuɗi, ka kai ƙara. Kamaru tana da dokar laifukan intanet tun 2010, kuma mu mun kai namu, mun haɗa da na mutanen Ngaundere domin a ga ba kuskuren kwali ba ne, sana'a ce. Duk wanda ya gane hoton nan na kujera mai ruwan toka, daga Marwa ne ko Kuseri ko Injamena, ya yi mini magana ta akwatin sirri mu ƙara a kan takardar.

Saurayin Marwa bai tura ko sisi ba, alhamdu lillahi, ya ce zai tara ya sayi Squier ko Yamaha ta hannu a wurin wanda zai iya zuwa ya gani da idonsa. Yarona kuwa har yanzu yana biyan bashin dubu 90 ɗin nan daga kuɗin babur. Ya yi sati uku bai taka gidana ba, sai da na je har ƙofar gidansu na ɗauko shi. Ya koma kan tsohuwar jitata, ranar Asabar ma shi zai riƙe bas a bikin da za mu yi a Rumde Ajiya. Ta jabun tana rataye a ɗakin gyarana, duk mai shirin sayen bas ya biyo ya ɗaga ta ya ga ramin wuyan kafin ya fitar da kuɗinsa.