Gejin VDO na auna ƙarfin baƙin mai: yana da kyau, amma a kula da ɗauri

Fitilar baƙin mai ta dashbod ba ta kamawa sai ƙarfin mai ya kusa ƙarewa, lokacin ƙila inji ya riga ya ji jiki. Gejin kamfanin VDO mai faɗin milimita 52, mai karanta 0 zuwa 5 bar (ma'aunin ƙarfin matsi), yana nuna matsala tun da wuri. Na lantarki ne, ba a shigo da bututun mai mai zafi cikin mota, kuma allurarsa ba ta rawa. Ya cancanci kuɗinsa.

Wahalar tana wajen zaren ɗaure sensa, wato na'urar da ake murɗawa a jikin inji don ta aika wa geji ƙarfin mai. Zaren sensa da yawa samfurin Amurka ne, 1/8 NPT, ramin injin Toyota da Honda kuwa galibi samfurin Birtaniya, 1/8 BSPT. Ido ba ya bambancewa: NPT zare 27 a inci, BSPT 28. In bakanike ya matsa da ƙarfi, sai zaren ya lalace ko alminiyon ya tsage, mai ya riƙa ɗiga. A sayi adafta mai haɗa zaren biyu.

Sensar tana da nauyi. In aka rataya ta a kan mahaɗin T (mahaɗi mai baki uku da ake ɗaurawa a ramin inji), girgizar inji kan karya mahaɗin, mai ya tsiyaye cikin mintuna. Gara a ja ta da gajeriyar tiyo mai jure zafi, a ɗaure jikin bodi, a ba ta wayar nagetif. Kada a cika farin tef a zare, yana katse nagetif, geji ya yi ƙarya.

A ja wa geji wuta daga layin makulli, da fiyus. Da sanyin safiya allura kan haura, inji ya ɗau zafi ta sauka. In tana kusa da sifili a silo, a kashe mota a duba famfon baƙin mai.