Gidajen rainon Nyanya da Karu: akwai sauƙin kuɗi, amma a duba firji

Hutun haihuwa na ma'aikaciyar gwamnatin tarayya bai kai wata 6 ba, alhali ana so jariri ya yi wata 6 ba ya shan komai sai nonon uwa. Wannan giɓin ne ke cika ƙananan gidajen raino na Nyanya da Karu, unguwannin gefen Abuja, inda ake mayar da falo da ɗaki guda wurin ajiye yara.

Abin yabonsu shi ne lokaci. Da yawa kan buɗe tun bayan asuba, domin wadda ba ta wuce Kugbo da sassafe ba, cunkoson hanyar AYA ya cinye mata safiya. Kuɗin wata ma da dama-dama. Na Maitama da Wuse II kuwa, mai albashin naira 70,000, mafi ƙarancin da aka sa wa hannu a 2024, ko ƙofarsu ba ta tunkara. Sai dai ki tambayi kuɗin latti tun ranar rajista, don dawowar yamma ba a hannunki take ba.

Wuta ce ke kayar da su. Nonon da aka tatsa awa 4 yake yi a ɗaki, kwana 4 a firji mai sanyi. Firjin da aka ɗauke wa wuta tun safe kuwa kabad ne kawai. Ki je da tsakar rana ba tare da sanarwa ba, ki buɗe shi, ki taɓa. In babu sola ko janareta, ki riƙa zuwa da kula da ƙanƙara, nonon kwalba-kwalba, kowace da sunan yaro da lokacin tatsa.

Sannan ki ƙirga hannaye. Mai raino ɗaya in jarirai suka wuce mata huɗu, sai ta fara tokare fida da filo, nan yaro ke ƙwarewa, famfas kuma ya daɗe har ƙuraje su fito. Ki lura ko inda ake canza famfas nan ake dama kunu, da ruwan jarka ɗaya, babu sabulu a kusa. Ta haka gudawa ke zagaye ɗaki cikin kwanaki. Gidan da bai ajiye ORS, wato haɗin gishiri da sukari na masu gudawa, ba, bai kuma nemi ganin katin rigakafi ba, ki ƙara gaba.

Filin wasa kam babu. Yaron Maitama yana da Millennium Park a kusa da gida, na nan tabarma ce da talabijin. Ga jariri ba wata babbar asara ba ce, amma ɗan shekara biyu da ya fara gudu, falon ya yi masa kaɗan.