Kafin ka saya ma yaro Alƙur'ani a Maraɗi, Warshu ko Hafsu?

Bara na shiga babbar kasuwa na sayo ma ɗan ƙanwata Alƙur'ani, mai bango kore da ruwan zinari, ina ta jin daɗi na yi abin kirki, yaro ya kai makaranta da la'asar sai ga shi ya dawo da shi cikin leda wai malam ya ce ba irin nasu ba ne. Ashe Hafsu na sayo su kuma Warshu suke karatu. Mai shago kuwa ya ce an riga an rubuta suna ciki, ba ya amsa.

To abin da za ka fara tambaya ke nan tun kafin kuɗi, wace ruwaya, wato salon karatun Alƙur'ani, ake yi a makarantar, Warshu ko Hafsu. Makarantun allo namu na gargajiya Warshu ne da rubutun Magaribi, fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Islamiyyu da yawa kuma Hafsu ne, fa ɗigo ɗaya sama, ƙaf biyu. Kai kana ganin ɗan ɗigo ne, amma yaron da ya saba da allo in ka miƙa mishi Hafsu sai ya riƙa karanta fa a matsayin ƙaf wallahi. Tun a Fatiha ma an rabu, Warshu "maliki" ba ja, Hafsu ana jan mim ɗin. Lissafin ayoyi shi ma daban, 6236 a Hafsu, 6214 a Warshu, shi ya sa in an ce buɗe aya kaza sai ka ga yara biyu kowa da inda ya tsaya.

In Hafsu ne ni dai bugun Madina na fi so, na maɗaba'ar Sarki Fahad da aka buɗe 1984. Shafi 604, layi 15, kowane shafi yana ƙarewa da ƙarshen aya, mai hadda ido na riƙe mishi wuri. Suna buga Warshu ma, sai dai ka duba bango da kyau. Akwai masu kwaikwayon tsarin da takarda marar kauri wadda rubutun baya ke leƙowa, ɗaga shafi ɗaya ga hasken rana za ka gane.

Na Warshu kuwa akwai bugun Kano, rubutun hannun alarammomi irin su Sharif Bala da aka ɗauka aka buga, manyan baƙaƙe, wasali ja, wani ganye-ganye yake zuwa ba ɗinki sai ka nemi gafaka. Ga gardi ko tsoho mai raunin ido ba kamarshi. Ga yaro ɗan shekara bakwai kuwa, hmm, iskar hunturu ɗaya ta isa ta watsa maka izu biyar a tsakar gida. Sai mishi mai ɗinki, ko ma juzu'in Amma kaɗai tukunna. Kuma tunda ta Jibiya da Ɗan Isa kayan ke shigowa, farashi na bin canjin naira da sefa, taya shago biyu uku kafin ka zaro jikkunanka.

Mai fassara daban ne. Tarjamar Shaihu Abubakar Gumi ita ta fi yawo, mutumin da aka ba kyautar Sarki Faisal a 1987, Hausarta miƙaƙƙiya, an buga ta a Madina ma. Akwai kuma ta Shaihu Nasiru Kabara, Ihsanul Mannan, ƴan ɗariƙa sun fi karkata can. Wannan kowa ya san gidansu, ba ni shiga. Amma duk biyun na babba ne mai son ma'ana, ba na ɗaukar darasu ba, in ka ba yaro sai ya bar Larabcin ya koma bin boko.

Wancan koren da aka maido yana nan bisa kantata, ni nake tilawa da shi yanzu, da sunan yaron a shafin farko.